Ruwan Baƙo a Ƙofar Isuhu

Da kakar bana Isuhu ya cika shekara tara a ƙasa. Taubashina ne, ɗan gwaggota, tare aka kai mu lakwal, makarantar boko, a Tasawa, tare muka sha bulalar malami ɗaya. Ni na gudu daga karatu na bi manyan motoci, na ci tuwon garuruwa daga Kumasi har Sabha ta Libiya, na kwaso harsunan mutane yadda wando ke kwasar ƙarangiya. Shi ya zauna gida ya zama ma'aikacin tsabta a sashen kiwon lafiya, abin da iyayenmu ke kira duba-gari. Mutanen ƙauye ba su san shi da wannan sunan ba. Isuhu Mai Kwalba suke ce masa, don duk inda ya sauka daga motonsa, wato babur ɗinsa, kafin ya gama gaisuwa ya riga ya fiddo kwalba.

Ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba. Wanda ya kai shekaruna ya gaji da ta'aziyya, ya gaji da yabon matattu, don ya ga yadda ake yabon mutum da baki ana watsar da aikinsa da hannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami randa ce.

Bayan sadakar arba'in, matarsa Hajiya Rabi ta kafa randa a ƙofar gidan, a gindin dogon yaro, sadaka ga mai gidanta. Ta rufe ta da faifai, ta ɗaure moɗa da igiya a jikin itacen don kada a tafi da ita. Ƴan kabu-kabu suna tsayawa su sha, matan da suka taso daga kasuwa su sha, yaran lakwal su yi ta turereniya a kanta. Duk wanda ya sha sai ya goge baki ya ce Allah ya jiƙan Isuhu. Shekara tara ana haka, kuma ban taɓa wucewa ta gaban randar nan ban ji sanyi a raina ba, sai daminar da ta wuce. Zawo ya bi layin gida-gida. Jikata Hadiza, wadda ba ta daɗe da iya magana ba, kuma ba ta da wurin wasa sai gindin dogon yaron nan, ta kwanta asibiti ana yi mata ƙarin ruwa har idanunta suka faɗa. Allah ya tashi kafaɗunta. Wata yarinya a bayan masallaci ba ta tashi ba.

Ban ce randar ce ba. Isuhu ya koya mini ba a zargin ruwa sai an auna shi. Amma tun daga lokacin, in na ga ɗan ƙaramin hannu ya nutse cikinta har gwiwar hannu, sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana tsaki.

Ga wanda bai san aikinsa ba, ga yadda yake. Yakan bi ruwan da mutane ke sha, na rijiya, na foraj, wato rijiyar burtsatse, na cikin gida, ya ɗebi kaɗan a kwalbar da aka dafa aka rufe. Ya jera kwalaben cikin akwatin ƙanƙara, ya ɗaure a bayan moto, ya kama hanyar Maradi kafin ƙanƙarar ta narke. A can akwai ɗakin awo, labo, inda ake tace ruwan a kan wata ƴar takarda, a kwantar da ita cikin ƙaramin faranti, a bar ta ta kwana a wuri mai ɗumi. In ruwan na da ƙwayoyin cuta irin waɗanda ke fitowa daga bayan gida, kashegari sai a gan su sun fito ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gero. Ya taɓa nuna mini irin farantin nan. Na ce masa ruwan da na ga ya zuba garai-garai yake, har ina iya ganin fuskata. Ya ce ai maƙaryacin da ya iya ƙarya ma haka fuskarsa take. Yakan ce likita zaune yake yana jiran a kawo masa yaro, shi kuwa so yake ya tare cutar tun tana cikin randa, ba ta kai ga cikin yaron ba.

A shekarunsa na farko a wannan aiki wani abu ya so ya zautar da shi. Ya zaga ƙauyukan Urafan, ya tsallaka ƙasar Mayahi har Atantane da Gidan Amumune. Duk ruwan gidajen da ya kai labo sai ya fito fes, faranti fari tas, ko kuma ɗigo ɗaya biyu da ba su kai a damu ba. Amma ɗakunan shan magani na waɗannan ƙauyukan cike suke da yara masu zawo da atuni. Ruwa ba ya tsami banza. Ya zargi kwalabensa, ya sake dafa su. Ya zargi ƙanƙara. Ya zargi ma'aikatan labo har suka yi sa-in-sa. Abokan aikinsa suka fara yi masa shaƙiyanci, wai ya rubuta wa Turawa su zo su sayi ruwan Urafan su zuba a kwalba su kai ƙasarsu. Ya rame, ya daina zuwa hira.

A cikin wannan hali na dawo daga Libiya na sauka gidansa. Taubashi ba ya tsayawa zaure, don haka tsakar gida aka shimfiɗa mana tabarma. Rabi ta tashi kawo mini ruwa. Ta ɗauko kwanon sha ta wanke da sabulu, ta wanke hannunta, ta wuce babbar randar da ke gindin rumfa, wadda yara ke ta zirga-zirga a kanta, ta shiga ɗakinta ta tsiyayo daga wani tulu mai ƙaramin baki da ta ciko daga famfo da safen. Ni ban ga komai a ciki ba. Isuhu kuwa ya bi ta da ido tun daga sabulun har ta durƙusa ta aje kwanon.

“Rabi, mi ya hana ki ɗebo a randa?”

“In ba baƙo ruwan randa? Wadda ɗiya ke tsoma hannu? Malam, so kake ya koma ya shaida ma Larabawa ƙazama ka aura?”

Na ce ta kwantar da hankalinta, ni ba na ɗaukar gulma sai ta kai lodin mota. Rabi ta yi dariya. Isuhu bai yi ba. Ya daɗe yana kallon kwanon da ke hannuna, sannan ya ce, “Taubashi, ashe duk wahalar ga ruwan baƙo nake aunawa.”

Haka ne kuwa. Namiji ba ya shiga gidan mutane. In ya isa ƙauye zaure ake sauke shi, ya ce wa mai gida a kawo masa ruwan da ake sha a gidan, a kawo a kwano, ya juye a kwalba. Wace matar kirki ce za ta aika wa baƙo, baƙon ma na gwamnati, ruwan da yara suka wuni suna dagulawa? Sai ta wanke kwano, ta ɗebo wanda aka shigo da shi yanzu daga foraj, in babu ta leƙa maƙwabta. Ba wanda ya yi masa ƙarya. Girmama shi aka yi, girmamawar ce ta rufe masa ido. An ce baƙonka annabinka, kuma mutanenmu sun riƙe wannan magana da gaske, har ta kai baƙon kwana ɗaya yana shan abin da ɗan gida bai taɓa samu ba.

Daga nan ya fara goya Rabi a bayan moto. Shi ya zauna zaure da maza ana zancen damina, ita ta shige ciki. Ta gaida matan, ta tambayi yara, ta yaba kitso, sannan ta ce a nuna mata randar da yara ke sha. Da moɗar gidan take ɗiba, yadda take, ba wanki, ta zuba a kwalba. Mata da yawa sun ji haushi. Wata a wajen Atantane ta ce mata, “Hajiya, tonon asiri kika zo yi mana ko ziyara?” Don ta wanke musu zuciya, sai ta ɗauki al'adar kurɓar ruwan randar a gabansu kafin ta cika kwalbar, ta ce ai ita ƴar gida ce. Ta sha ciwon ciki a kan wannan ba sau ɗaya ba. Isuhu ya yi faɗa, ta ce in yana da wata dabarar ya ɗaura zane ya shiga da kansa.

Faranti suka fara fitowa cike. Ruwan foraj lafiya lau, ruwan randar da aka ciko daga foraj ɗin nan kuwa abin tsoro. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Tsakanin bakin famfo da bakin yaro cutar ke shiga, ta hannu, ta moɗar da ke kwana a ƙasa kaji na bi ta kai, ta faifan da ba a mayarwa. Maza sun so a ce laifin rijiya ne, don a roƙi gwamnati ta gina sabuwa. Isuhu ya ce musu ko ruwan Zamzam aka jawo musu, in moɗar ba ta sauya ba, zawon ba zai sauya ba. Bai yi farin jini da wannan magana ba.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda ya juya kuskurensa ya zama wa'azinsa. Masu proje, ƙungiyar da ke tallafa wa aikin, sun ba shi manyan hotuna da zai riƙa nuna wa mutane, da dogon bayani da aka fassaro daga Faransanci wanda ko shi ba ya jin daɗinsa a baki. Ya naɗe su ya aje. In ya tara mutane magana ɗaya yake yi: “Ku ba ɗiyanku ruwan baƙo.” Yakan ce ba abin da zai koya wa matar ƙauye, ta riga ta san wanke kwano, ta san tulu mai ƙaramin baki, ta san wanke hannu kafin ɗiba. Ta san duk wannan, baƙo kawai take ajiye wa.

Na ga yadda wasu ke yi da ruwansu. Buzayen da na yi zama da su a hanyar Agadas ruwansu sau da yawa ja ne, yana warin fata, amma salka, jakar fatar da suke zuba shi, bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, tsiyayowa ake yi. A Sabha masu hali na aje ruwan sadaka a ƙofar gida kamar mu, sai dai a cikin tanki mai famfo. A Makka kowa da ɗan kofinsa, ka sha ka jefa. A Kumasi na tarar sun koma ruwan leda, sun huta da moɗa sun cika kwatoci da shara. Ban ga waɗanda suka fi mu kyauta da ruwa ba, kuma ban ga waɗanda suka fi mu yarda da moɗa ɗaya ba. A wurinmu wanda ya ƙi shan ragowar ɗan'uwansa mai girman kai ne. Halin da ya sa ba a mutuwa da ƙishirwa a ƙasarmu shi ne ke kai yaranmu asibiti, kuma ban san yadda ake cire ɗaya a bar ɗaya ba.

Da Isuhu zai leƙo yau, da farko murna zai yi. Foraj sun yawaita, an kafa tankuna a sama, wutar hasken rana ce ke jawo ruwa ba hannun mata ba. Ƙauyukan da ya sani da ruwan tabki yanzu suna da famfo. Amma na san shi, ba zai tsaya wurin tankin da manya ke ɗaukar hoto ba. Zai bi amalanken da ke ɗauke da bidoji, jarkokin nan masu launin ruwan ɗorawa, ya buɗe ɗaya ya kai hanci, ya leƙa gansakukar da ta yi kore a gindinsa. Sannan ya tambaya wa ke auna ruwan gidaje yanzu.

Projen da ke ba shi esansin zuba wa moto da ƙanƙara ya naɗe tabarmarsa tun yana da rai. Ya ɗan ci gaba da ƙarfinsa, har ƙarfin ya ƙare. Yanzu sai amai da zawo sun shiga gari sun fara ɗaukar rayuka, sannan a ga fararen motoci, a zuba jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a rijiyoyi, a ɗebi ruwa a kwalba, a yi taro, a tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar tafiyar muke neman wuƙa. Bayan Hadiza ta warke na je wurin matashin da ke zaune a kujerar Isuhu, yaro mai ladabi, ya san aikinsa, na roƙe shi ya auna mini randar ƙofar gidan. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ba kwalba, ba esansi. Sai in an ce annoba ce.” Ban ga laifinsa ba. Na dawo ina tunanin yara nawa ne ke zama annoba.

Tun da ba mai aunawa, ya rage in je in yi wa tsohuwa magana a kan sadakar mijinta. Na yi ta ɗagawa. Wa ke son ya zama wanda ya hana a yi wa mamaci addu'a? Daga baya dai na je, da hantsi. Na same ta tana tsince wake. Bayan gaisuwa na ce ƙishirwa nake ji, a ba ni na randar ƙofa. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta wanke kwano da sabulu, ta shiga ɗaki ta tsiyayo daga tulu, ta aje a gabana.

“Na randar ƙofa na ce, Hajiya.”

“Sha wanga, Alhaji.”

Muka dubi juna. Ban taɓa kwanon ba.

“Kana tsammani ban san abin da ke cikinta ba?” in ji ta. “Ni da na ɗebi na garuruwa da hannuna? Kullum sahe nake wanke ta. Kahin azahar hannu nawa sunka shiga?”

Na kawo zancen tanki na roba mai famfo, irin na Larabawa. Ta ce ɗansu ya aiko da shi daga Yamai tun bara waccan, yana nan bayan ɗaki kaji na hawa. Ta kafa shi, da rana ta take ruwan ya koma na wankan jego, ba wanda ya tsaya. “Mako guda cur ban ji an roƙa ma Malam gahwara a ƙofar gidan ga ba. Ma'aikatarsu ta manta da shi. Ku abokai sai shekara-shekara. Randar ga kaɗai ke sa a kira sunanshi kullum. Ita kake so in hwasa?”

Na ce ban zo fasa komai ba. Na ce Hadiza ce ta kawo ni.

Ta koma kan wakenta. Ta daɗe tana tsinta, tana jefar da masu kyau tare da tsakuwa ba ta lura ba. Can ta ce ta je asibiti ta ga yarinyar, ta kuma je gaisuwar ta bayan masallaci, kuma tun ranar in ta ji ƙarar moɗa a jikin randa gabanta faɗuwa yake yi. Sannan ta kore ni. “Tashi ka tahi, taubashin banza. Da ranshi ka hana shi sakat, yanzu ka dawo kaina.”

Na tafi ban san abin da na shuka ba. Da na sake bi ta layin, gindin dogon yaro wayam, sai guntun igiya a jikin itacen. Na ce a raina na kashe wa Isuhu sadaka. Sai na hangi randar a bakin zaure daga ciki, a inuwa, Rabi zaune kusa da ita a ƴar kujera. A hannunta ludayin duma mai dogon wuya, a gefenta kwanoni biyu da roba mai ruwan sabulu. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya bai kashe moto ba.

“Hajiya, fasinja gare ni, bari in ɗiba da kaina.”

“Kashe abin nan ka zamna. Baƙo ba ya ɗibar ma kanshi.”

Ya yi gunaguni, ya kashe, ya karɓa da hannu biyu. Ya sha, ya yi wa Isuhu addu'a, ta karɓi kwanon ta jefa cikin sabulu.

Haka take yi yanzu. In za ta yi salla ko ta kishingiɗa, sai ta rufe randar ta ɗaure bakin da tsumma, mai ƙishirwa ya jira ko ya yi gaba. Da yawa gaba suke yi. Ta ce mini addu'ar ta ragu, ta faɗa ba tare da ta dube ni ba. Gaskiya ce, kuma ni na jawo.

In na zauna ina auna abin da ya saura na Isuhu, ba na samun da yawa. Motonsa an sayar, akwatin ƙanƙararsa wata jikarsa ke sayar da zoɓo a ciki. Hanyar da ya buɗe tsakanin randar ƙauye da farantin labo ciyawa ta rufe ta. Ruwan da Rabi ke rabawa ma ba a auna shi ba, zato kawai muke yi ya fi na da, shi kuwa Isuhu ba ya karɓar zato. Gwiwoyinta ba za su daɗe suna kai ta bakin zauren nan ba, kuma ban ga wadda za ta gaji kujerar ba. Wataƙila ranar da ta kwanta wani mai son lada ya mayar da randar gindin itace, ya sayo sabuwar moɗa ya ɗaure.

Amma ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a zauren, Hadiza ta shigo da gudu, ƙura har gira, ta miƙa hannu za ta buɗe randa. Rabi ta buge hannun, ta zaunar da ita a tabarmar da nake kai. Ta ɗauko kwano ta wanke, ta ɗauraye, ta ɗebo da dogon ludayin, ta miƙa mata yadda ta miƙa mini ranar da na dawo daga Libiya. Yarinyar ta riƙe da hannu biyu ta shanye, tana numfashi cikin kwanon. Ba ta san Isuhu ba, an haife ta bayan ya daɗe da tafiya. Ta dai goge baki da bayan hannu, ta faɗi abin da ta ji kowa na faɗa a wurin, ta fita da gudu.

Rabi ta ce amin, ta jefa kwanon cikin sabulu.